Wane ƙaramin abu kuka fi kewa tun da ido ya tafi?

Tela na Zangon Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ɗan ƙanena ne ke rubutawa, ni ina faɗa masa. Waɗanda suka san ni sun san hawan jinin ido ya tafi da ganina, na hagu ya fara, na dama ya bi baya. Ba taimako na zo nema ba, ba kuma jaje ba, an yi mini jaje an gama, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ce da ni zuwa ga 'yan'uwana da suka taɓa gani sannan suka rasa. Wane ƙaramin abu ne kuka fi kewa? Manyan kowa ya san su, sana'a da tuƙi da karatu. Ina nufin irin abin da in ka faɗa wa mai ido zai ce, au, wannan ne kawai?

Nawa shi ne haɗa zare da yadi. Mutum ya kawo shadda ruwan ƙasa, ka ɗauko zare kala uku ko huɗu ka ɗora a kai, ka fita bakin ƙofa domin fitilar shago tana yaudarar ido. Kana ɗagawa a rana sai ka ga ɗaya ya zauna daram, sauran sun fita. Har yau in an miƙo mini shadda hannuna yana gaya mini ko Getzner ce ko 'yar China, amma ba ya gaya mini launinta. Sai kuma ranar sallah a filin idi, da nake gane ɗinkina daga baya ta wuyan riga, ko mai rigar bai juyo ba. Ku ma ku faɗi naku.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara haƙuri. Ni ciwon suga ne ya taɓa mini ido. Jikata ke riƙe da wayar.

Suyar ƙosai. Ba cinsa ba, kallonsa. Lokacin da ƙullu ya faɗa cikin mai ya nutse ya taso, gefensa ya fara ja, ka san yanzu ne za ka juya, ba ɗazu ba, ba an jima ba. Ina iya jin ƙarar man, ina iya jin ƙamshi, amma kafin hanci ya gaya maka ya yi, sau da yawa ya riga ya wuce. Tsintar shinkafa a faranti ma na rasa ta, da zuba gishiri da ido. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ya san kima, wallahi ban san zurfin maganar nan ba sai da aka fara auna mini komai da cokali.

Da lalle. Har yanzu ana sa mini in za a yi biki, don kada in fita daban a cikin mata. Ana wankewa sai in ji suna cewa kai Mama ya kama sosai. Ni kuwa da ni ce mai duba na kowa in ce wannan ya yi ja, wannan a ƙara masa lokaci.

Ɗan Mile 12:
Kuɗi, jama'a, kuɗi. Na yi dillancin tumatur a Mile 12 tun ina saurayi. Mota ta iso daga Kano ko Jos, ina tsaye a ƙasa zan kalli saman kwando in gaya maka abin da ke gindinsa. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne in sa hannu a aljihu in san abin da na ciro. Daga naira ɗari zuwa dubu duk girmansu ɗaya ne. Na leda, wato biyar zuwa hamsin, su ma girmansu ɗaya, kuma yanzu me suke saya? Takardar da ta sha hannu a kasuwa ta yi laushi, ba abin da yatsa zai karanta a jikinta. Ka sayi goro ko ruwan leda a ba ka canji, dole ka nemi wani ka ce duba mini. Mutumin da ya saba ƙirga kuɗin mota guda ta kaya yau yana tambayar yaro ɗari biyu ce ko ɗari biyar. Ba wai ana cutata ba, yawancin mutane suna da tsoron Allah. Tambayar ce ke da nauyi.

Direban Apapa:
Salamu alaikum. Da murya na aiko, admin ya taimaka ya mayar rubutu. Ni hatsari ne, gilashi ya shiga ido.

Tela ya ce kada a faɗi tuƙi, to ba tuƙin zan faɗa ba. Hanyar ce. Ka ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Apapa, ka fita Legas da dare, ka wuce Ibadan da Ogbomosho da Ilorin. Daga gadar Jebba, in ka tsallake Kwara da sassafe hazo na kwance a kan ruwa, ƙasa take fara canzawa a idonka. Kurmi yana raguwa, itatuwa suna ba juna wuri, ka wuce Mokwa sai ka fara ganin kaɗanya da ɗorawa, can gaba ka hango kuka ta farko da rumbuna a bakin hanya. Ba wanda zai ce maka ka kusa gida, idonka ya riga ya gaya maka. Bara na je gida a motar haya. Zaune nake a kujera daga Agege har muka isa, ina tambayar na kusa da ni ina muke. Ya yi ƙoƙari, yana faɗa mini sunan gari. Amma sunan gari ba shi ne gari ba.

Abu Fatima:
'Yan'uwa, da girmamawa. Ni ina da idona, alhamdu lillahi, amma ina jin tsoron inda wannan hira za ta kai mu. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Allah ya ce idan ya jarrabi bawansa da rasa masoyansa biyu, wato idanunsa, ya yi haƙuri, zai musanya masa su da Aljanna. Wanda aka yi wa wannan alkawari me zai sa ya zauna yana lissafin ƙosai da zare? Ina ganin lissafa abin da aka rasa yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Gara a lissafa ni'imomin da suka rage. Allah ya sa mu dace.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:
Ɗana, wa ya ce maka ba mu gode ba? Da asuba nake fara godiya kafin kowa ya tashi a gidan nan.

Alaramma na Obalende:
Abu Fatima, Allah ya yi maka albarka, hadisin da ka kawo ingantacce ne kuma da shi muke kwana muke tashi. Amma ka duba Suratu Yusuf. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai wanda ya ce haƙuri mai kyau. Da 'ya'yansa suka yi masa magana ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Ba a cire shi daga masu haƙuri ba. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Ubangiji. Kewa kuwa halitta ce. Wanda aka hana shi faɗar abin da ke ransa ba haƙuri ya koya ba, shiru ya koya, kuma na ga mutanen da shirun nan ya kwantar da su a ɗaki suka daina fita ko masallaci.

Bari in faɗi nawa, tunda an tambaya. Na haddace Alƙur'ani tun ina yaro a tsangaya, ba abin da ya ɓace mini daga cikinsa, alhamdu lillahi. Sai mutane su ce to Alaramma kai ai ba ka yi asara ba. Amma ina kewar shafin. Kwafin da na gada rubutun hannu ne da ruwayar Warshu, warƙa-warƙa a cikin gafaka, baƙin tawada da wasali ja da ɗigon hamza rawaya, da zayyana a wurin kowane hizbi. Na san ayar da take saman shafi a dama da wadda take ƙasa kusa da inda gefen takarda ya ɗan ci. Bayan la'asar nakan buɗe ba don na manta ba, don dai ido ya ci rabonsa. Kuma ina kewar duba allon yaro in ga inda alƙalaminsa ya karkace in kama hannunsa in gyara. Yanzu kunnena kawai ke gyara masa, rubutunsa sai wani ya duba.

Da neman jinjirin wata. A Legas da wuya a gan shi saboda gajimare da dogayen gine-gine, sanarwar fadar Sarkin Musulmi muke jira a rediyo. Duk da haka daren ashirin da tara nakan fita bayan magariba in ɗaga kai tare da jama'a. Neman ma daɗi ne da shi.

Abu Fatima:
Na karɓa, Alaramma. Allah ya ƙara ilimi. Amma ina nan a kan cewa a riƙa haɗawa da godiya, don masu rauni da ke karantawa.

Ɗan Alaba Rago:
Ni yaro ne a cikinku, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gidan kallo. Wasan Najeriya da Iceland a gasar duniya ta 2018, ina cikin gidan kallo lokacin da Ahmed Musa ya tare ƙwallon nan da ƙafa ya buga ta farko, sannan ya zo ya yanke mai tsaron gida ya ci ta biyu. Na gani da idona, benci ya kife da mu. Yanzu ma ina zuwa, abokaina ba sa barina a gida. Amma ihu nake fara ji, sannan in tambaya wa ya ci, ta yaya. Kafin a ba ni amsa murnar ta yi gaba ta bar ni. Kullum ina bayan mutane da numfashi ɗaya. Haka in ana hira aka yi dariya don wani ya yi wata fuska, ni sai an fassara mini.

Malama daga Surulere:
Na daɗe ina saurarenku, wayata ce ke karanta mini. Ni da makanta aka haife ni, don haka ba zan ce ina kewar launi ko wata ba, ban san su ba, kuma ba na jin ramin da kuke ji. Ba zan raina kewarku ba. Amma ku bar ni in raba abin da kuka faɗa gida biyu, don ina ganin an haɗa abubuwan da ba ɗaya ba.

Launin zare, jan ƙosai, gadar Jebba da safe, shafin Alaramma, waɗannan ido ne ya tafi da su, ba mai dawo da su sai Allah. Amma sanin kuɗin aljihunka, fita kai kaɗai, dafa abincinka, karanta saƙonka ba tare da yaro ya ji sirrinka ba, waɗannan ba ido ne ya tafi da su ba. Rashin koyo ne, da kuma yadda aka gina garin nan. Ni ina shiga danfo, motar hayar Legas, ni kaɗai da farar sandata. Kuɗina tun a gida nake ninke su, dubu a miƙe, ɗari biyar ninki ɗaya, ɗari biyu ninki biyu, kowanne da aljihunsa. Wayar Android tana da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, suna cikin wayar, ba saye ake yi ba. Hausarsu ba ta da daɗin ji, amma kunne yana sabawa. Akwai kuma manhajar Be My Eyes da za ta haɗa ka da mai ido ta kyamara ya duba maka abu. Rubutun makafi ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, kuma akwai Alƙur'ani da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a garin nan akwai makarantar Pacelli a Surulere tun 1962 don yara, akwai cibiyar koyar da sana'a ta ƙungiyar makafi ta tarayya a Oshodi don manya, ƙungiyar da aka kafa tun 1955. A Arewa ma makarantar Gindiri tana nan tun 1953. Amma mutanenmu in ido ya tafi abu biyu muka sani, ɗaki ko titi. Ko a ajiye mutum a ɗaki ana kai masa abinci, ko a haɗa shi da yaro ɗan jagora a tura su bara, yaron ma ya rasa makaranta. Ku je gidan mabarata na Okobaba a Ebute Metta ku ji yaren da aka fi yi a wurin. Namu ne.

Ɗan Mile 12:
Malama, Allah ya ƙara basira, dabarar ninki zan gwada ta. Amma canjin da aka ba ni a hanya fa, wa ya ninke shi? Sannan ke tun kina ƙarama kika koya, jikinki ya saba. Mutumin da ya haura hamsin a ce ya ɗauki sanda ya shiga Mile 12, inda kwata take a buɗe, mai baro yana gudu da buhun albasa, ƙasa duk santsin ruɓaɓɓen tumatur? Mai ido ma faɗuwa yake yi.

Malama daga Surulere:
Gaskiyarka Alhaji, kuma shi ya sa na ce da yadda aka gina garin. Kwata a buɗe ba ƙaddara ba ce, aikin mutum ne. Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, da ofishin kula da harkokin naƙasassu, LASODA, da aka kafa a kanta. Ta tarayya kuma an sa mata hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Doka tana nan, saura mu riƙa zuwa muna tambaya da bakinmu. Ban ce ka fara da tsakiyar kasuwa ba. Ka fara da hanyar gidanka zuwa masallaci. Canji kuwa, ka tambayi mai ba ka ya faɗa da baki ɗaya bayan ɗaya yana sa maka a hannu, a gaban mutane. Wannan ba roƙo ba ne, haƙƙinka ne.

Ma'aikaciyar jinya, Mushin:
Iyayena ku gafarce ni in shigo da maganar asibiti, don masu ido da ke karantawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya kauce mata ko a magance ta. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, hawan jinin ido yana biye da kusan kashi 17. Arewa maso gabas ta fi kowane yanki, kudu maso yamma ta fi ƙaranci.

Yanar ido aiki ake yi a cire, a sa ƙwayar roba, mutum ya koma gani. Don Allah kada a kai tsoho wurin masu soke ido da allura a gida, suna tura yanar ciki ne kawai, kuma idanu da yawa sun mutu a haka. Hawan jinin ido kuwa ba ya ciwo a farko, daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da maganin ɗigawa ko aiki. Yana bin jini. Baba Tela, 'ya'yanka da ƙannenka su je a auna su ko ba sa jin komai. Akwai sashen ido a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai a na LASUTH Ikeja. Mai ciwon suga kuma ya riƙa kai idonsa a duba bayansa duk shekara.

Tela na Zangon Agege:
'Yata na ji, kuma wanda ke rubuta mini ma ya ji, shi zai fara zuwa.

'Yar Baba:
Ina ta kuka ina karantawa. Mahaifina ya rasa ganinsa bayan korona, muna zaune a Ijora. Ba ya faɗar komai, in ka tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi. Da mai son zama ne a ƙofar gida bayan la'asar, yanzu ya daina. Mu kuma komai muna yi masa, ko kofi ba ma bari ya ɗauka. Me ya kamata mu yi? Don Allah ku gaya mini gaskiya.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:
'Yata share hawayenki. Ki fara da barinsa ya ɗauki kofin. Yawan yi wa mutum komai yana gaya masa ya gama amfani, ko da ba haka kuke nufi ba. Butarsa da takalminsa da rediyonsa kowanne ya sami wurinsa, kada mai shara ya matsar. Ƙofa ko a rufe ko a buɗe gaba ɗaya, rabin buɗewa ita ke fasa goshi. In kin shigo ki ce Baba ni ce wance, in za ki fita ki ce na fita. Ba abin da ya kai ciwon ka yi ta magana sai ka gane ɗakin ba kowa.

Kuma abin da ban faɗa ba ɗazu, don ya fi ƙosai nauyi, fuska ce. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. 'Yata takan shigo ta gaishe ni da murya lafiya lau, da kuwa kallo ɗaya zan yi mata in san ko sun sami saɓani da mijinta. Yanzu kowa yana iya ɓoye mini damuwarsa, wai don kada hankalina ya tashi. Kada ku yi wa Babanku haka. Ku riƙa kai masa matsalar gida yana yanke hukunci yadda ya saba. Jikar da aka haifa bayan idona ya tafi, na shafa fuskarta, na san hancinta da kumatunta, amma sai da wata maƙwabciya ta ce ai idon mahaifiyata ne da ita sak sannan na ji na san ta. Ku riƙa faɗa masa irin wannan. Wane ya yi furfura, wance ta yi ƙiba, an yi wa masallaci sabon fenti kore.

Alaramma na Obalende:
In ƙara a kan na Hajiya. In baƙo ya zo ya ce miki yaya jikin Baba alhali Baba yana zaune a wurin, ki ce ga shi nan tambaye shi. Wannan yana yi mana ciwo ƙwarai, a yi magana da ɗan jagora a bar mai sanda. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, yana kiran salla a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin garin a hannunsa in zai fita. A kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ki nemi abokansa na majalisa ki roƙe su su dawo da zaman la'asar ƙofar gidanku. Kunya ce ta hana shi fita, ba ƙafa ba.

Direban Apapa:
Malama daga Surulere, wurin nan na Oshodi, suna karɓar irina da ya manyanta kuma bokonsa ba nisa? Ba sana'a nake nema ba. So nake in je sallar asuba ba tare da na tashi yaro daga barci ba.

Malama daga Surulere:
Don manya aka yi shi, Alhaji, yawancin masu zuwa da girmansu suka rasa ido. Tafiya da sanda hannu da kunne take buƙata, ba boko ba. Ka sa a kai ka ranar aiki da safe ka ji sharuɗɗansu da kuɗinsu daga bakinsu. Ka aiko mini da saƙo ta admin kafin ranar, zan same ku a tashar Oshodi mu shiga tare. 'Yar Baba, in mahaifinki ya yarda ku ma ku zo.

Ɗan Mile 12:
A sa da ni. Amma ranar Litinin ba ta yi mini ba, motoci ke shigowa kuma har yanzu yarana ba sa yanke farashi sai sun kira ni.